Dusar da Muka Ba Rago

Tawa, ranar Lahadi, cikin kaka, 1966

Zuwa ga Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ka Yamai lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin aikin da aka ba ka.

Yau ranar kasuwa ce. Daga zaure ina jin jakunan mutanen ƙauye suna wucewa da sabon hatsi. Jikina da dama-dama. Ƙafafun sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, amma na samu na yi sallar asuba a tsaye. Numfashi ne ke yi mini rowa. In na ja magana sai ƙirjin ya tsayar da ni a tsakiya, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don hannu bai gaji kamar ƙirji ba.

Ran Alhamis ka zo sallama da abokanka. Ka durƙusa daga nesa, na sa maka albarka, kuka tashi. Haka ake yi tsakanin uba da ɗan fari, ban ga laifinka ba. Ni ma ban ɗaga kai ba. Amma da wutsiyar ido na ga yadda ka tashi. Ka dafa bango, ka buɗe baki ka ja iska, sannan ka miƙe. Na san wannan tashin, nawa ne. Ni sai da furfura ta fara fito mini na fara shi, kai ko ba ka yi aure ba tukuna. Saboda haka na aiki Hajo, matar maƙwabcina da ke yi mini girki, ta gaya maka ka biyo yau kafin motar la'asar ta tashi, akwai buhu da za ka tafi da shi. Hatsi ne da wake da gujiya daga gonarmu ta Barmu. In ka zo zan ɗora maka takardar nan a kan buhun, ka karanta a hanya, ka san dalilin da ya sa tsoho ke ɗora maka kaya kamar babu kasuwa a Yamai.

Ka san an ɗauke ni daga Barmu ina yaro aka sa ni lakkwal, wato makarantar boko, kakarka tana kuka kamar an kai ni kushewa. Da na gama aka ba ni aikin tafinta a ofishin kwamanda, Nasaran da ke mulkin ƙasar nan. Ina da farar riga, ina da keke, mutane na ce mini Mushe Aliyo, wato Malam Aliyo da Faransanci. Shekarar da na auro mahaifiyarka, wata rana na gayyato wani abokin aikina cin abinci, mutumin bakin teku ne. Aka kawo tuwon hatsi irin na gidanmu, mai duhu, da miyar kuka. Ya dube shi, ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci ko da irin wannan muke yaɓe ɗakunanmu. Wasa yake yi. Ya ma ci, ya ƙara. Ni ne abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Da ya tafi na shiga gida na ce wa mahaifiyarka daga yau a riƙa surfa hatsi sau biyu, a bakace sosai, a wanke har ruwan ya fito garau, kada in ƙara ganin baƙin tuwo a akushina.

Ta ce, "Sau biyu? To mi za ya rage, Malam?"

Na ce, "Abin da ya rage shi za mu ci."

Ta ce, "Hannuwana dai za su gaya maka."

Ta yi kuwa. Tuwon gidanmu ya zama fari-fari, sulɓi, har matan unguwa na zuwa tambayar yadda take yi. Dusar da ƙasarin kuma ana zuba wa rago. Kowace shekara ragon layyarmu ya fi na kowa a unguwar, mutane na leƙowa su gan shi. Ina alfahari da tuwon, ina alfahari da ragon, bai taɓa zo mini a rai ba cewa abinci ɗaya muka raba biyu, kuma shi ya samu rabo mai kyau.

Magaji, za ka zauna da mutanen da suka ga Dakar da Faransa. Za a yi wa abincin garinku dariya, kamar yadda ku ma kuke yi wa na wasu. Ka yi dariyar tare da su, ka ci gaba da cin abinka. Wanda ya yi mini wasan nan na tabbata kafin ya kai gida ya manta, ni ko na ɗauke shi na aza wa gida ɗungum har tsufa.

Kakarka takan zo daga Barmu bayan kaka. Takan zo da wake, da gujiya, da busasshiyar tafasa, da daddawar batso a ƙunshe cikin tsumma. Zuwanta na ƙarshe da kaya, ina da baƙi a zaure, warin daddawar ya biyo iska. Na shiga na ce a fitar da daddawar can bayan ɗaki, wajen garken rago. A gaban kakarka na faɗa. Da aka kawo mata farin tuwonmu ta ɗan taɓa, ta ture, ta ce, "Wanga tuwo ya yi kyau ga ido. Ku dama min hura in sha." Ba wani ilimin magani take da shi ba, bakinta ne kawai bai ji ɗanɗanon hatsi ba. Ba ta cika kwanakin da ta saba yi ba ta koma. Ta ci gaba da zuwa har Allah Ya karɓi abinsa, amma hannu wofi. In an aiko maka da abu daga gida, ko da warinsa ya cika ɗaki, ka karɓa, ka sa a tukunya, ka aika a ce ka ci ya yi daɗi.

Daga tuwo abin ya bi sauran abincin. Na bar hura da safe, na koma kafe, wato kofi, da burodi da madarar gwangwani, sukari sai cokali ya tsaya. Da rana farar shinkafa da mai. Da yamma in biya wajen mai nama in sayi mai kitse, a barbaɗa gishiri da yaji. Wake na ce abincin masu zaman gidan kaso ne. Ganye na ce na awaki ne da na shekarar yunwa. Kuma duk yini ina zaune, ko ina tsaye a gefen tebur ina juya maganar wasu. Da na fara tumbi, mutane suka ce aiki ya karɓe ni, ni ma na yarda.

Akwai abin da ya fi wannan duka damuna, don ya shafe ka. Kana ƙarami, wata rana na dawo daga aiki na iske ka a ƙofar gidan maƙwabta, kai da 'ya'yansu kun kewaye ƙwarya kuna cin kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, bakinka duk ya yi kore. Kana ci kana dariya. Ban yi maka magana ba, ba a yi. Na shiga na yi wa mahaifiyarka faɗa har ka jiyo daga waje, na ce ɗan tafinta ba ya cin ciyawa a titi. Washegari na sa aka ba ka burodi a tsoma cikin madara. Tun daga nan ban ƙara ganin ganye a bakinka ba. Hajo ta ce mini a gidan da kuke zaune da abokanka, sardin da burodi da makaroni ne abincinku, kuma kai ka fi kowa ƙyamar miyar ganye. Harshen nan ni na dasa maka shi. Ina roƙonka ka tumɓuke shi, don ni ba ni da sauran ƙarfin yi maka.

Ciwon bai zo mini da hayaniya ba. Jijiyar ƙafa ce ta fara ɗaurewa ina kwance. Sai fatar ido ta riƙa rawa. Sai in na hau tudun nan na hanyar ofis da keke in ji zuciyar tana tsalle, ta yi kamar ta tsaya, ta sake kamawa. Na ɓoye. Na sauka daga keken ina turawa, in na haɗu da wani in ce ƙaya ce ta huda mini taya. Na yi shekaru ina wannan ƙaryar, har na bar aiki, har aka samu mulkin kai. Sai ranar da na faɗi a alwala mahaifiyarka ta sa aka ɗauke ni zuwa wurin likita.

Likitan wani saurayin Nasara ne, ba ya jin Hausa. Aka kawo mai fassara na ce a sallame shi, ni da na yi rayuwata ina fassara wa manya. Ya sa abin saurarensa a ƙirjina ya daɗe. Ya tambaye ni abin da nake ci, na lissafa masa da ɗan alfahari, don in nuna masa ba baƙauye yake dubawa ba. Na gaya masa har yadda ake surfa mana hatsi. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri da kitse da sukari. Sannan ya ce, da harshensu, abin da na rasa shi ne "son".

Ka yi lakkwal, ka san kalmar. Tana nufin ƙara, sautin abu. Mutum ya gama sauraron ƙirjina, ya ce na rasa "son". Me zan fahimta? Na ɗauka yana gaya mini zuciyata ta daina ƙara yadda ya kamata, wato ta kusa yin shiru. Na ga ya ci gaba da bayani, amma kunnena ya riga ya toshe da tsoro. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane sarai.

Da muka dawo gida mahaifiyarka ta ce, "Mi Nasaran ya ce?"

Na ce, "Ya ce na rasa son."

Ta ce, "Son wa?"

Na ce, "Ba irin wannan ba. Na Faransanci."

Ta ce, "Yo in so ne ka rasa, ai da ni ya tambaya, da na gaya mishi tun ba yau ba. Har sai an sa maka ƙarfe ga ƙirji?"

Ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ni ma na yi, duk da tsoron da ke cikina. Ina jin wannan ce dariya ta ƙarshe da muka yi tare mai tsawo haka.

Damina ta wuce ina shan ƙwayoyi, ina cin farin tuwona, ina kasa kunne ga ƙirjina ina jiran ranar da zai yi shiru. Da na koma, likitan ya tambaye ni ko na fara cin "son" ɗin. Na ce masa, cikin ladabi, yaya mutum zai ci ƙara? Ya tsaya yana kallona. Sai ya kama hannuna ya fita da ni bayan ɗakin, inda mai gadi ya ɗaure tunkiyarsa, ya nuna mini kwanon da ke gabanta. Dusa ce a ciki.

Na san kalmar, Magaji. Sau nawa na fassara ta ga masu kula da dawakin kwamanda. A bakin barga na san ta, ban taɓa zaton zan gamu da ita a bakin likita game da cikina ba. Da na ce masa ya maimaita tun ranar farko, da ya maimaita. Girman kai ne ya hana ni. Za ka shiga ofis inda kowa ke gudun a ce bai ji Faransanci ba. In likita ya yi maka magana, ko shugabanka, ko ma wane ne, ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba. Kunyar ba ta wuce ta ɗan lokaci.

Ga abin da ya gaya mini a ranar, na rubuta maka yadda na riƙe shi. Ya ce akwai wani sinadari, dangin gishiri amma ba gishirin miya ba, sunansa manyeziyom. Ido ba ya ganinsa a abinci. Jijiyoyi da tsoka suna bukatarsa, zuciya kuma tsoka ce da ba ta hutu. Ya ce yana zaune ne a fatar ƙwayar hatsi da dawa, inda surfe ke cirewa, da cikin wake, da gujiya, da riɗi, da 'ya'yan kabewa, da koren ganye irin su zogala da tafasa da yakuwa da kuka. Farin burodi da farar shinkafa da sukari kuwa kusan babu shi a cikinsu. Bai ruɗe ni ba. Ya ce ba shi kaɗai ne ya kayar da ni ba, akwai kitse, akwai gishiri, akwai yawan zama, akwai abin da aka gada, kuma su likitocin ma ba su gama sanin iyakar aikinsa ba. Ya ce abin da ya lalace a zuciyata ba zai dawo ba. Amma ya ce da shi ne, ba zai ba dabba wannan rabon ya hana kansa ba.

Na dawo na ce wa mahaifiyarka a koma surfe ɗaya, sama-sama, a dawo da wake da ganye. Na zaci za ta yi murna an rage mata aiki. Sai ta ɓata rai.

Ta ce, "Tun ina amarya kac ce in surfa biyu, na surfa har kafaɗuna sunka kare. Duk unguwag ga an san tuwona. Yanzu da tsufana za a leƙo a ga ina tuƙa abincin rago? Su ce mi, talauci ya kama gidan Mushe?"

Na ce likita ne ya faɗa.

Ta ce, "Kai ya duba, ba ni ba. In yi maka naka."

Haka aka yi. Tukunya biyu take ɗorawa, baƙi nawa, fari nata. Kafe da madarar gwangwani kuwa ta fi ni sonsu, ni na koya mata. Na ga ƙafafunta sun fara nauyi. Na ga tana ajiye taɓarya tana dafa ƙugu tana haki. Na ce mu je a duba ta, ta ce tsufa ne, na bar maganar, don ni ma ban saba a yi mini musu in sake roƙo ba. Sauran ka sani. Da hantsi tana shanya, ta zauna a ƙasa, ta ce in miƙo mata ruwa. Kafin in kawo ta cika.

Ban ce tuwo ne ya kashe ta ba. Kwananta ne ya ƙare, kuma Allah ba a tambayarsa. Amma ni da aka ɗauka zan riga ta, ga ni zaune, cikin gidan da babu mai ce mini in rage gishiri. In Allah Ya ba ka mata, kada ka koya mata ƙyamar abin da ta taso da shi. Abin da ka dasa a gida da faɗa ɗaya, roƙon shekaru ba ya cire shi. In kuma ka ga tana haki a kan aikin da ta saba, kada ka karɓi "tsufa ne" ko "gajiya ce". Ka kai ta, ko tana zaginka.

Yanzu ga abin da nake so ka yi da buhun. In ka sauka ka nemi wata dattijuwa a unguwar da za ta riƙa yi maka tuwo da hura. Ka gaya mata surfe ɗaya, kada ta wanke shi har ya fita hayyacinsa. Za ta yi mamaki ma'aikaci na neman baƙin tuwo, ka bar ta ta yi. Waken a jiƙa shi kafin a dafa, ba zai dame ka da kumburi ba. Gujiyar ka riƙa zuba kaɗan a aljihu maimakon alewa. Ganye ba ya tsada a ko'ina, kuma can bakin kogi ne, an ce ba ya yankewa har rani. Ban hana ka burodi ba, na san ba za ka bari ba. Amma kada ya zama shi ne safe, shi ne rana. In ofis ba shi da nisa ka tafi a ƙasa. Kuma cikin watan farko ka je likita ya saurari ƙirjinka, ka gaya masa yadda mahaifiyarka ta rasu da abin da ke damun mahaifinka, ka gaya masa kana dafa bango in za ka tashi. Kada ka ce masa ƙaya ce ta huda maka taya.

In buhun ya ƙare ka aiko da labari, a ƙaro maka daga Barmu. In ba ni nan, na gaya wa masu noma gonar rabonka yana nan.

Na gaji, rubutun ya fara karkacewa. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya ba ka lafiyar da na yi wasa da ita. Ya tsare ka daga Ƙwanni har Doso har inda za ka sauka, Ya tsare ka daga abokin banza da abincin banza, Ya sa ka tsufa kana hawa tudu da ƙafarka. Ya jiƙan mahaifiyarka, Ya sa mu cika da imani. Ka yafe mini abin da na koya maka ban sani ba.

Mahaifinka,
Aliyo

An yi la'asar. Na ji motar ta yi oda a tasha, na ji ta bi hanyar kudu. Ba ka zo ba.

Hajo ta dawo daga kasuwa yanzu. Ta ce ta gan ka a gaba kusa da direba, da farar riga, ka yi kyau. Ta ce ta isar da saƙona tun jiya, ka ce mata a gaishe ni, motar ta cika, a bar buhun, ai akwai hatsi a Yamai. Gaskiyarka. Maganar buhu na aika a gaya maka. Ban aika a ce ina son ganinka ba, bakina bai iya ba.

Za a ba motar mako mai zuwa buhun da takardar. Na sa Hajo ta tuƙa tuwon mutum biyu yau. Na ce ta rufe sauran, a yi mini ɗumame da safe.